Tsohuwar Gurbin Bagaruwa

Ba a yin mako guda wani saurayi bai tsaya a bakin rumfata a kasuwar Gadarif ba, ya ce in saƙa masa birgi, tarun nan na jifa, wai zai tafi Mafaza ya kama sana'ar su, wato kamun kifi. In na tambaye shi ko ya taɓa shiga ruwa, sai ya ce ai abin ba wuya, ka jefa ne ka jawo. Haka suke gani. Noma yana son ƙasa, kasuwa tana son jari, shi kuwa kifi a wurinsu yana nan zube yana jiran mai ɗauka. Nakan ce su zauna su riƙe mini bakin buhun riɗin da nake ɗinki, don aikina ke nan yanzu, ni da basilla. Sunana Isiyaku, kuma na fi shekara arba'in ina su a kogin Rahad kafin in dawo nan ina cin ƙurar buhu.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ko ruwa babu a cikinsa. Mahaifina ya kai ni wurin Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ne sarkin ruwa na unguwarmu a Mafaza. Na je da zumuɗi, na naɗe wando har gwiwa. Kawu ya dube ni ya ce in sauke wandona, ba yau ba. Ya miƙo mini tsohon gwangwani da guntayen dalma, ya ce in hura wuta in narkar, in zuba a 'yan ramukan da ya tona a laka. Damina guda na yi ina ƙona yatsu. Da ya ga na daina kuka da wuta, sai ya zana da'ira a tsakar gida ya ce in jefa birgi ta rufe ta. Birgi ana riƙe gefenta ɗaya da haƙori, a rataya wani a kafaɗa, a juya ƙugu, a saki duka lokaci guda. In ka yi daidai ta buɗe kamar faifai. In ka makara da sakin baki, ta tafi da abin da ta samu. Giɓin nan da kuke kallo a gaban bakina ba faɗa na yi ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne Rahad ba kogin shekara ba ne. Da damina yakan sauko daga duwatsun Habasha, ja wur, ɗauke da itatuwa da mushen dabbobi. Ana gama yankan riɗi sai ya fara ja baya, kafin tsakiyar rani ya yanke, ya bar gurabe nan da can, tsakaninsu yashi zalla. Duk kifin da ya maƙale a gurbi, nan zai zauna har ruwa ya dawo. Saboda haka su na rani ba farauta ba ne, rumbu ne aka ba ka, kuma ba ka ganin cikinsa. Kawu ba ya barin a sa taru a ruwa sai ya zura yatsunsa uku a idon ragar. In ba su shiga ba, ko taru na wane ne, sai mai shi ya naɗe abinsa ya koma gida. Mamari ma, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi, yana da girman ƙugiyar da ya yarda da ita. Mun yi ta zaginsa a ɓoye, muna cewa tsohon nan ya fi son kifi da mutane.

Ranar kasuwar Mafaza kuwa wani karatun ne. Matan gari suna son karfasa mai rai, su ɗaga kunnenta su duba ja ne ko fari, sa'an nan su ce ta kwana ko da a gabansu ta fito. Direbobin lori tarwaɗa suke so, a soya musu nan take. Amma babban cinikinmu na wakilan gonakin mashru'i ne, manyan gonakin nan na noman inji, waɗanda ke zuwa da buhuna su kwashi busasshen kifi, kajik, na miyar leburori. Rabin dawar da ake yankewa daga Ƙala'at an-Nahal har Basunda, da ƙarfin kifinmu aka yanke ta. Tsaga kifin kajik yana da hannu: ta baya ake shiga, a buɗe shi, a wanke jinin ƙashi, a shanya a igiya inda iska ke bi. In ka bar jini ya yi tsutsa, kuma wakili ba ya manta fuskar wanda ya sayar masa da tsutsa.

Ranar da Kawu ya fara ɗaukata a kwale-kwale, Gurbin Bagaruwa muka shiga, wanda ya fi kowane gurbi zurfi a yankinmu. Gari ya waye ke nan, ruwa kwance. Sai na ji wani bugu a gefen gabas inda ciyawa take, kamar an maka faffaɗan filafili a ruwa. Ƙananan kifi suka watso sama ta ko'ina. Na ga baya mai ƙyalli ya juya ya nutse, tsawonsa ya kai na mutum. Na zabura na ɗauki birgi. Kawu ya make mini hannu har ta faɗi.

Ya ce, "Ka gaida Tsohuwa, ba a jifanta. Kuma ka dubi wancan gefen ciyawar da kyau, akushinta ne. Ba taru, ba birgi, ba ƙugiya. Ranar da na gan ka a can, ka koma narkar da dalma."

Giwan ruwa ne, wanda Larabawa ke kira ijil. Duk wanda ya girma haka mace ce, mun sani domin ƙwai ake tararwa a cikinsa. A hankali na gane abin da Kawu yake karewa. Gurbin da ke da giwa a ciki, ruwansa garau yake, karfasarsa manya. Tana cin mai ciwo da mai rauni, tana rage tarwaɗa tun suna ƙanana. Gurbin da ya rasa ta, cikin rani biyu sai tarwaɗa ta cika shi, 'yan ƙanana masu ƙaton kai, su dama laka, su cinye ƙwan kowa. Kuma idan ta kai damina da rai, sabon ruwa yakan kawo mata maza daga guraben sama, ta zuba ƙwai a cikin ciyawar da ruwa ya rufe, kogi ya samu iri. Doka biyu ce ke nan: kada a kashe ta, kada a taɓa akushinta. Idan wata ta tsufa ta mutu, wata ta girma ta gaje ta, sunan dai Tsohuwa.

A ƙuruciyata kowane babban gurbi yana da tasa. Ina tsaye suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Wani gurbin injunan ban-ruwa ne suka zuƙe shi don albasa da ayaba, har aka ɗauki giwarsa a laka da hannu. Wani kuma masu feshin gona suka wanke tankinsu a bakinsa, washegari ruwa ya yi fari da cikin kifi, tsuntsayen da suka ci ma suka zube. Sa'an nan ga 'yan kasuwa da suka gano cewa jakar iskar da ke cikin giwan ruwa tana da masu saye a ƙasashen waje, suka riƙa bin gurabe da mashi. Giwayen da suke hawowa da damina daga babban kogin da Rahad ke zuba ciki, su ma suka daina zuwa. Kafin Kawu Bawa ya rasu, Tsohuwa ɗaya ta rage a duk inda ƙafarmu ke kaiwa, ta Gurbin Bagaruwa. Ban gaji sarautarsa ba, babu ma wanda ya gaje ta. Mu dai tsofaffin masunta muka ci gaba da riƙe dokar a tsakaninmu.

Sai shekarar da yaƙi ya koro mutane daga Madani da Sinja. Ku kun ga yadda Gadarif ta cika, makarantu da masallatai duk shimfiɗa. To, Mafaza ma haka. Mutane suka yi rumfuna a bakin kogi da zannuwa da kara, akasarinsu mata da tsofaffi da yara. Daminar da ta gabata ba ta yi ƙarfi ba, kogi ya yanke da wuri, dawa ta yi tsada. An raba musu gidan sauro saboda zazzaɓi. Ba a daɗe ba wata mata ta gano cewa in biyu suka kama gidan sauro, ɗaya nan ɗaya can, suka bi ruwa marar zurfi, abin da zai fito zai cika tukunya. Idon yatsu uku na Kawu ina, idon gidan sauro ina. Ba ya barin komai, har wanda bai kai ƙwayar kabewa ba. Kuma wuri ɗaya ne a Gurbin Bagaruwa da mace za ta shiga ruwa bai wuce ƙugunta ba, gefen ciyawa.

Muka taru a gindin bagaruwa, mu masunta. A makon ne wani ɗan kasuwa ya zo daga gari yana tambayar wanda zai kama masa Tsohuwa, kuma hankalin kowa yana kansa. Aka yi rantsuwa cewa babu mai taɓa ta. Aka raba gadi, kullum da mai zama a bakin gurbi da sanda. Kowa ya tashi yana jin ya yi abin kirki. Da aka zo maganar akushi, sai aka ce ai ƙananan kifi ne, ko a kasuwa ba su da mai saye, a bar bayin Allah su ci.

Mutum ɗaya ne ya ƙi tashi, Ya'u, abokin taruna tun muna samari. Shi ya taɓa zama a Bur Sudan yana aiki a jiragen kamun kifi na teku, kuma mun saba da labaransa, rabi mukan zubar. Ya ce ma'aikatan jirgi da suka zaga duniya sun ba shi labarin wata babbar dabbar teku, baƙa da fari, mai numfashi da iska, wadda ke yawo dangi-dangi, kaka ce a gaba, kuma babu abin da ke cin ta. Ya ce a wata gaɓar an hana kashe su, an hana kama su, kowa yana alfahari da su, amma mutane sun kwashe kifin da suke ci. Sai uwa ta haihu ɗan ya mutu, ta haihu ya mutu, dangin yana raguwa alhali ba wanda ya ɗaga musu hannu.

Ya ce, "Ya jama'a, gadin me za ku yi? Kun ajiye mata wuya, kun ba da akushi."

Aka yi masa dariya, wani ya ce Ya'u ya dawo da tekunsa. Ni ban yi dariya ba, don maganar ta zauna mini. Washegari na je gefen ciyawa na samu wata dattijuwa da ake kira Hajja Asabe, Bahaushiyar Madani, wadda matan rumfunan ke jin maganarta. Tana tsaye a ruwa, ita da surukarta, gidan sauro a tsakaninsu. Na gaishe ta, na yi mata bayanin dokar tun daga kan Kawu. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sa'an nan ta ce jikokinta bakwai ne a rumfa, ubansu ba a san inda yake ba, ta tambaye ni wane gefen zan nuna mata ta koma. Na waiga na dubi gurbin. Sauran duk zurfi ne, ya fi ƙarfin namiji ma in ba da kwale-kwale ba.

Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Malam Isiyaku. In kifin nan na da 'ya'ya, ni ma ina da su."

Ban sake yi wa wata mace magana ba. Mun gwada ba su rabin abin da tarunmu ya kamo don su fita daga ciyawa, amma mutanen sun fi kifin yawa, kuma kullum ƙaruwa suke.

Aikin gadi ya zo kaina sau da yawa a ranin nan. Nakan zo da asuba in zauna ina jiran bugun nan na filafili. Da farko nakan ji shi, ko da sau ɗaya. Daga baya ya koma wani ɗan motsi marar ƙarfi, kuma babu abin da ke watsowa sama. Daga nan shiru. Ciyawar kanta ta mutu saboda tattakawa, wurin ya zama kwaɓaɓɓiyar laka. Mu ma tarunmu tarwaɗa kawai yake kawowa, ita kuwa tarwaɗa in ta girma ta shige laka, ta fi ƙarfin farautar giwa mai yunwa. Wata rana da hantsi na ga Tsohuwa a sarari, abin da ban taɓa gani ba a rayuwata, tana bin inuwar kwale-kwalena a hankali. Kai yana nan da girmansa. Daga bayan kunne zuwa wutsiya kuwa ta tsotse, bayanta ya yi kaifi. Na ji tsoro, na kuma ji kunya, domin kifi ba ya bin masunci.

Ni da Ya'u muka yanke shawarar ciyar da ita har ruwa ya iso. Ku yi dariya in kuna so, mutanen Mafaza ma sun yi. Mun fara da hanjin kaji daga wurin mahauta. Ba ta ko dube shi ba, giwan ruwa ba ya cin abin da ba ya motsi, tarwaɗa ce ta yi biki. Sai muka ari amalanken jaki da ganga, muka tafi wata magudanar ban-ruwa mai nisa inda ake samun 'yan karfasa. Mu jefa birgi tun safe, mu cika ganga, mu rufe da ganyen ayaba, mu kamo hanya. Zafin ranin Gadarif kun san shi. Kafin mu iso fiye da rabi sun juya ciki sama. Waɗanda suka rayu mukan kai su tsakiyar gurbi mu saki, amma ɗan kifi ba ya zama a zurfi, gefe yake nema. Kafin la'asar suna cikin gidan sauro. Sau ɗaya dai na ga ta bi ɗaya, ta buɗe baki, ya kauce mata kamar wasa, ba ta sake juyowa ba. Mun yi ta zuwa har jakin ya gurgunce, mai shi ya karɓe abinsa.

Lokacin da aka saba ganin ruwa ya zo ya wuce. Kullum da yamma sai mu dubi gabas, hadari ya haɗu a kan Habasha ya watse. Masu gadi suka ci gaba da zuwa da sandunansu, ba wanda ya taɓa fashi. Ɗan kasuwar nan ya dawo har sau biyu, aka kore shi da ihu. Wannan kam mun iya.

Ya'u ne ya zo ya same ni a gida da safe ina gyaran mamari. Bai yi sallama da ƙarfi ba. Ya ce in taso da wuƙata. Muka tarar da ita a gefen da akushinta yake a da, kwance a kan laka, rabin jikinta a waje, kunnenta yana motsi kaɗan kaɗan. Babu rauni ko ɗaya a jikinta, ba saran mashi, ba ƙugiya. Mai gadin ranar yana tsaye a kanta yana ta rantsuwa cewa ba wanda ya matso kusa. Na ce masa na yarda. Muka tura ta cikin zurfi, ta juya ciki sama, muka daidaita ta, ta sake juyawa. Ya'u ya ce halas, ta ƙare, kada mu bari ta lalace a banza ga mutane da yunwa. Giwa irin wannan a da sai ƙarti huɗu ke ɗaukarta da sanda. Ni da Ya'u, tsofaffi biyu, muka ɗauke ta zuwa gindin bagaruwa ba tare da mun huta ba.

Ni na tsaga ta, don ni ne mai hannun tsaga. Giwan ruwa in ka buɗe shi kitse ne ke fara tarbar wuƙa, rawaya, har ya bi maka gwiwar hannu. Wannan wuƙa ta shiga kamar a busasshiyar fata. Tumbinta ya naɗe, babu komai a ciki. Jakar ƙwai tana nan, amma ta shanye, ta zama 'yar igiya. Da ma ruwan ya iso a ranar, ba abin da za ta zuba. Na zauna a ƙasa da wuƙa a hannu, sai Ya'u ne ya ƙarasa yankan.

Aka raba naman a rumfuna, tsoka tsoka. Aka aiko mana cewa Hajja Asabe ta ce mu zo mu ci a wurinta, tun da mu muka yi wahala. Ba na so, amma ba a ƙin kiran babba. Muka same ta a tsugune gaban murhu, jikokin sun kewaye ta. Ba ta da mai, ta dai ji ana cewa giwan ruwa da kitsensa ake soya shi, sai ta ɗora kasko haka nan ta jera naman. Muna kallo ya kama kasko, ya fara ƙauri, ko ɗigo bai fito ba. Ta sa cokali tana ɓamɓarowa, ta juya, ta jira, ta sake juyawa. Can ta ɗago kai ta dube ni.

Ta ce, "Malam Isiyaku, ashe kifin nan ya fi mu yunwa."

Ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba a kaskon don kada ya ƙone, yaran suka matso da kwanoninsu.